Daga Teburin Mai Gyaran Rediyo Zuwa Cikin Kwamfuta

In kwamfuta ta mutu a hannun malamin makaranta a Maruda, ko ta wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gwandu ko Kalgo, ba wanda tunaninsa ke zuwa ga kamfanin da ya ƙera ta a Amurka ko Sin. Naɗe ta ake yi cikin zani, a ɗora a babur ko a shiga mota da ita zuwa Birnin Kebbi ko Jega, in abin ya gagara a wuce Sakkwato, a aza ta gaban wani saurayi mai sukundireba da mita. Mun saba da wannan har ba ma ganin abin tambaya a cikinsa. Amma akwai tambaya. Ta yaya na'urar da ƙera ƙwaƙwalwarta ke buƙatar masana'antar biliyoyin daloli ta zama abin da ake farkewa a shagon da bai fi ɗaki ɗaya ba, a kuma tashe ta? Amsar da nake karewa ita ce abubuwa biyu ne suka haɗu: tsohuwar sana'ar gyaran rediyo wadda ta riga kwamfuta zama a ƙasar nan, da wata shawara da wani kamfani ya yanke a 1981 ta barin akwatin a buɗe. Na farkon namu ne, na biyun kuwa aro ne, kuma masu shi sun fara janye abinsu.

Rediyon farko da ya shiga rayuwar talakan Arewa rufaffe ne. Rediyon waya da Turawan mulki suka kafa a Kano a 1944 akwati ne da ake jona wa waya daga tasha, mai shi ba ya zaɓen abin da zai ji, in ya lalace kuma sai ma'aikacin hukuma. Abin da ya sauya lamarin shi ne tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947, ya maye gurbin manyan ƙwayayen gilashi masu zafi da cin wuta da tsofaffin rediyoyi ke aiki da su. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara sayar da ƙaramin rediyo mai batir, kuma ya iso mana daidai lokacin da aka sami abin saurare da harshenmu: Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Rediyo ya shiga gona, ya shiga rugga, ya hau wuyan raƙumi. Abin da ya yawaita haka dole ya lalace, abin da ya lalace a ƙauyen da ba wakilin kamfani kuwa dole a sami mai gyara shi. Haka teburin mai gyaran rediyo ya bayyana a kasuwannin ƙasar Gwandu, kusa da na mai gyaran agogo da mai facin keke. Kayan aikinsa kaɗan ne: ƙarfen narkar da dalma, da mita, da tarin matattun rediyoyi da yake cire wa hanji. Babbar dukiyarsa ita ce hanyar tunani. Yakan bi wuta daga batir, gaɓa bayan gaɓa, har ya iske inda ta tsaya. Koyon sana'ar ma bisa tsohon tsarin gida ya tafi, irin na maƙera da dukawa: yaro ya zauna gaban maigida shekaru, ya fara da share teburi da miƙo kaya, kafin a bar shi ya taɓa na mutane.

Wannan hanyar tunani ita ce ta dace da kwamfuta, domin cikinta ma gaɓoɓi ne, kowace da aikinta. Mutumin ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar ya kuma wallafa, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane rabon aikin, don ya san bambancin allo da kundi. Almajiri yana rubuta darasin yau a allo, ya yi aiki da shi, ya wanke; abin da ake so ya daɗe kuwa a takarda yake, cikin gafaka. Ram shi ne allon kwamfuta. Kowane ɗigo na bayani a cikinsa ɗan caji ne da ke zaune a wata mitsitsiyar ma'ajiya mai yoyo, sai an riƙa sabunta shi fiye da sau 15 a kowane sakan, shi ya sa da an ɗauke wuta komai ya goge. Faifan ajiya shi ne kundin: a tsohon samfuri faranti ne mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wata allura tana shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba, a sabon samfuri, wanda ake kira SSD, ba abin da ke motsi. Mai karatun shi ne furosesa, wanda ke ɗauko umarni ɗaya daga ram, ya fassara, ya aikata, ya ɗauko na gaba, sau biliyoyi a sakan. Dukkansu suna zaune a kan babban faifai mai hanyoyin tagulla, wanda masu gyara ke kira fanel, kuma akwai akwatin wuta da ke karɓar bolt 230 na soket ya sauke shi zuwa 12 da 5 da 3.3. Wannan tsari, na ajiye umarni da bayanai wuri ɗaya a riƙa ɗauko su bi da bi, tun rahoton John von Neumann na 1945 yake, kuma bai sauya ba ko da yake furosesan Intel na farko a 1971 tiransisto 2,300 ne a cikinsa, na yau kuma biliyoyi.

Rabuwar aiki a ƙa'ida ba ta wajabta rabuwar kaya a zahiri ba, kuma nan ne tarihi ya yi mana rana. Lokacin da kamfanin IBM ya so shiga kasuwar ƙananan kwamfutoci, yana cikin gaggawa, sai ya bar al'adarsa ta ƙera komai da kansa. Na'urar da ya fitar ranar 12 ga Agusta 1981 furosesanta na Intel ne, manhajar da ke tafiyar da ita ta Microsoft ce, a kan fanel ɗinta kuma an bar gurabe biyar da kowa zai iya soka nasa kati. Sannan ya buga littafin fasaha mai ɗauke da taswirar hanyoyin wutar da rubutaccen shirin da ke tayar da na'urar, ya sa a kasuwa. Ba don jinƙai ya yi ba, so yake wasu su ƙera masa ƙarin kaya don tasa ta yi farin jini. Abin ya kufce masa. Compaq ya fitar da mai kama da ita a 1983, wasu suka biyo, masana'antun Taiwan suka cika duniya da fanel da katuna, a 1995 kuma Intel ya fitar da ma'aunin ATX wanda ya tsayar da girman fanel da wurin kusoshi da irin bakin wayar wuta. Sakamakon shi ne ram ɗin da aka ƙera a Koriya zai shiga fanel ɗin Taiwan cikin akwatin Sin, ya kuma yi aiki. Da kowane kamfani ya riƙe sirrinsa, da sana'ar da muke magana a kai ba ta tsiro ba, domin jarin mai gyara a garin da ba dillalin kamfani shi ne iya ɗaukar gaɓa daga matacciya ya dasa wa mai sauran numfashi.

Yadda kwamfutar ta iso Kebbi ma ya ƙara wa mai gyara muhimmanci. Jami'ar Ibadan ta sami cibiyar IBM tun 1963, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, amma ba ta waɗannan ƙofofi na'urar ta shiga hannun jama'a ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon kaya ya fi ƙarfin mutane, kasuwar na hannu ta buɗe, daga mota har firji. A shekarun 1990 titin Otigba da ke Ikeja ya rikiɗe ya zama babbar kasuwar kwamfuta ta ƙasar, inda ake sauke waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu, daga can su hau mota zuwa titin Beirut a Kano da sauran biranen Arewa. A daidai wannan zamani aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ya cika da ma'aikatu da 'yan kwangila masu neman a buga musu takarda, shagunan buga takardu da hoto suka buɗe. Wayar salula ta zo a 2001 ta jawo dubban matasa cikin gyaran na'ura. Jami'ar jiha ta Aliero ta zo a 2006, ta tarayya da ke kan hanyar Kalgo a 2013, ga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, kowane ɗalibi da aikin kammalawa da zai buga. Daga 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, sai ga ɗan manomi daga ƙauye dole ya san yadda ake riƙe linzamin kwamfuta kafin ya ga ƙofar jami'a. Mafi yawan na'urorin da suka ɗauki wannan nauyi sun riga sun ci shekaru a wata ƙasa, ba su da takardar garanti, ba mai tsaya musu sai mai gyara.

Ƙasar kanta ta koyar da shi abin da littafin kamfani bai faɗa ba. An tsara waɗannan na'urori don ofis mai sanyi da wuta tsayayya, aka kawo su inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, inda hunturu ke cusa ƙura ta kowace kafa, inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta tafi ba sallama, janareta kuma ya karɓa da nasa hawa da sauka. Furosesa yana fitar da zafi mai yawa daga wuri ƙanƙane, ana kwashe zafin ta wani ƙarfe mai haƙarƙari da fanka ke hurawa. In ƙura ta toshe haƙarƙarin, ko man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe, na'urar za ta rage gudu don ta ceci kanta, daga baya ta riƙa mutuwa tsakiyar aiki. Mai gyaran da ya san garinsa yakan fara da busa ƙura da sake shafa man nan kafin ya ambaci sayen komai. Ya san cewa ƙarar da na'ura ke yi lokacin tashi magana ce, shirin farko ne ke faɗin gaɓar da bai samu ba, kuma sau da yawa goge bakin ram a mayar da shi ya wadatar. Ya san in agogon kwamfuta ya riƙa komawa baya duk safiya, ɗan batir ne mai kama da kwabo, na bolt 3, ya ƙare. Akwai ma lokacin da gadon rediyo ya fito fili ƙarara. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 an ƙera miliyoyin fanel da gurɓatattun kafasita masu kumbura su fashe, har da wasu samfuran OptiPlex na Dell. A ƙasashen da suka fito, magani shi ne sauya fanel ɗin dungurungum. Mai gyaran rediyo kuwa ya san kumburarriyar kafasita tun yana yaron shago: a narke dalma, a cire, a dasa wata.

Suka ta farko da ake yi wa wannan sana'a ita ce ba ilimi ba ce, canji-canji ne: a cire wannan a gwada wancan har a dace. Akwai gaskiya a ciki, kuma duk wanda ya taɓa jin labarin kwamfutar da aka goge wa komai don matsalar da ba ta shafi faifan ajiya ba ya san akwai masu lalube cikin duhu. Sai dai sukar ta ɗauka cewa musanya gaɓa kishiyar fahimta ce, alhali a na'urar da aka gina gaɓa-gaɓa ita ce hanyar bincike ingantacciya, wadda injiniyoyin kamfanonin ma ke bi. Wanda ya cire komai ya bar fanel da furosesa da ram ɗaya, ya kunna, sannan ya riƙa mayar da saura ɗaya bayan ɗaya, yana sauya abu guda ne yana riƙe da sauran don ya ware musabbabi, kuma wannan shi ne ainihin gwaji. Bambancin gwani da ɗan koyo yana ga tsarin da aka bi wajen canjin, da sanin abin da kowace alama ke nufi. Abin da zan yarda da shi shi ne ilimin ya tsaya a ka da hannu, ba a rubuta shi ba, ba shi da shaidar da hukuma ta sani, don haka mai kawo gyara ba shi da hanyar bambance gwani da mai ƙarfin hali sai bayan ya yi asara. Wannan naƙasu ne na gaske, amma na rashin tsari ne, kuma a ƙasar da maƙera ke da sarkinsu mai hukunta wanda ya ɓata wa sana'a suna, ba baƙon abu ba ne a nemi irin wannan tsari.

Suka ta biyu ta fi nauyi: cewa sana'ar tana rayuwa ne a kan juji, tana ba ƙasashen masu arziki hanyar zubar mana da sharar da dokokinsu suka tsananta a kai. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas kowane wata, kuma kaso mai yawa, da wasu suka kai shi har uku cikin huɗu, ba ya gyaruwa. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta tan dubu 60 na kayan lantarki na hannu a shekara, wajen kashi ɗaya cikin huɗu matattu. Tsohon fanel yana ɗauke da dalma, gilashin tsohon allon kallo ma haka, kuma yaran da ke ƙona waya don su fitar da tagulla su sayar wa 'yan jari-bola guba suke shaƙa. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a gaya musu illar dalma bayan abin da ya sami ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Duk da haka, in aka bi lissafin, mai gyara yana ɓangaren magani ne. Alƙaluman baya-bayan sun nuna mafi yawan abin da ke shigowa yana aiki, kuma kowace shekara da aka ƙara wa na'ura a raye shekara ce da ba ta je bola ba, ba a kuma ƙera wata don maye gurbinta ba. Inda aka gaza shi ne bakin tasha, wajen tace matattu, aikin da dokar kayan lantarki ta 2011 ta ɗora wa hukumar NESREA, da kuma ƙarshen hanya, inda ƙasar ba ta da isassun wuraren narkar da fanel ba tare da cutar da mutane ba. Hana shigo da na hannu kwata-kwata ba zai sa ɗalibin Aliero ya sayi sabuwa ba, zai bar shi ne hannu rabbana.

Akwai masu cewa duk wannan ƙaramin abu ne tunda ba mu ƙera ko tiransisto ɗaya ba, har kamfanonin gida irin su Zinox da Omatek harhaɗa kayan waje suka yi. Haka ne, amma ƙasashen da ke ƙera furosesa na zamani ba su cika yatsun hannu ba, Ingila da Faransa ma saye suke yi. Kuma tarihin maƙeranmu yana da abin cewa a nan. Da ƙarfen Turawa ya shigo, ragowar jirgin ƙasa da na mota suka wadata, narkar da tama ya mutu a yawancin ƙasar Hausa, amma ƙira ba ta mutu ba; maƙeri ya ci gaba da fitar da garma da lauje daga ƙarfen da ba shi ya haƙo ba, ba wanda ya ce ya daina zama maƙeri. Iko a kan na'ura hawa-hawa ne, kuma hawan da ke hana garinku tsayawa cik in abu ya lalace ba na rainawa ba ne.

Abin da ya fi damuna ba ɗaya daga cikin waɗannan suka ba ne. Akwatin da aka buɗe a 1981 ana rufe shi sannu a hankali. Kwamfutar cinya ta kori ta tebur, kuma don a sirantar da ita an fara like ram a jikin fanel da dalma, an manne batir da gam, wasu ma har ma'ajiyar an like. Tun 2020 Apple ya haɗe ram da furosesa a ƙunshi ɗaya, ta yadda abin da ka saya da shi za ka mutu da shi. Manhaja ma ta shiga: Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman sabon furosesa da wani guntun tsaro da tsofaffi da yawa ba su da shi, sai na'urori masu lafiya ƙalau suka zama tsofaffin yayi da alƙalami kawai. Da yawansu hanyar Legas za su biyo, su yi arha na ɗan lokaci. Waɗanda za su biyo bayansu kuwa su ne likakkun nan, kuma a kansu dabarar cire wannan a dasa wancan ba ta da wurin kamawa.

Masu sana'ar sun riga sun fara amsawa, kuma amsar komawa ce ga teburin mai rediyo. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da takwarorinta, gwanayen yau su ne masu aiki da bututun iska mai zafi da madubin ƙara girma, suna ɗaga guntun da bai kai ƙwayar gero ba daga fanel, suna bin wuta da mita daga bakin caja har inda ta tsaya, kamar yadda kakanninsu a sana'a suka bi ta daga batir. Masu gyaran waya ne suka riga shiga wannan fage domin wayar ba ta taɓa zama buɗaɗɗen akwati ba, yanzu masu kwamfuta ke bin sawunsu. Sai dai wannan aiki ya fi na da tsada da wuyar koyo, yana buƙatar wuta tsayayya, kuma ba ya yiwuwa sai da taswirar fanel, wadda ke nuna wace hanya ce ke ɗauke da bolt nawa. Ita ce irin takardar da IBM ya buga ya sayar wa duk mai so fiye da shekaru arba'in da suka wuce. Yawancin kamfanoni yau ba sa sakinta, mai gyara a Birnin Kebbi sai dai ya same ta ta hannun wani abokin sana'a da ya tsinto ta a intanet, in an yi sa'a ta dace da samfurin da ke gabansa.